Jirgin ƙasan da ba ya zuwa ko'ina, aikinsa jiƙa yara

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau Florida za mu leƙa a Amurka, cikin Magic Kingdom, wurin shaƙatawar nan na Disney World da aka buɗe a 1971. Amma ba wajen manyan lilo za mu ba, wani ɗan lungu ne can ƙurya inda yara ke wasan ruwa, sunansa Casey Jr. Splash 'n' Soak Station, kuma wallahi tarihin wannan ɗan fili ya fi girmansa.

A 1988 Mickey Mouse, ɓeran nan na katun, ya cika shekara 60, sai kamfanin Disney ya kafa manyan tantuna a wannan fili don bikin, aka sa wa unguwar suna Mickey's Birthdayland. Niyyar ita ce a yi biki a naɗe tantuna a watse. Ina! Mutane suka so wurin, aka bar shi, a 1990 aka canza masa suna zuwa Mickey's Starland, a 1996 kuma ya koma Mickey's Toontown Fair. To a nan ne ruwa ya shigo labarin.

Sun gina wa Donald Duck, agwagwan nan mai saurin fushi, wani jirgin ruwa mai suna Miss Daisy, kuma da gangan aka yi shi kamar jirgin da ya huhhuje, ruwa na tsartuwa ta nan ta can, yaro yana cikin gudu bai ankara ba sai ya ji ruwa a ƙeya, ya yi ihu ya juyo yana neman inda ya fito. Duk wanda ya san zafin Florida da damshinta a watan Yuli ya san wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga uwa mai jan yara uku tun safe.

Shekara kusan 15 jirgin Donald yana wannan aiki, sai a Fabrairun 2011 aka rufe Toontown Fair gaba ɗaya saboda faɗaɗa Fantasyland, wani sashe na Magic Kingdom. Jirgin ya tafi. Wurin ya koma Storybook Circus, wato an ƙawata shi kamar sansanin masu yawo gari-gari da dabbobi suna wasa, kuma a watan Yunin 2012 sabon wajen ruwan ya buɗe.

Casey Jr. shi ne ɗan jirgin ƙasan da ke jan dabbobi a fim ɗin Dumbo na 1941. A nan an yi kamar ya iso tasha ya tsaya, dabbobin kuma ana musu wanka. Giwaye na fesa ruwa da hanci, raƙuman dawa sun leƙo da dogayen wuyansu, ga birai, ga raƙuma suna tofo ruwa daga cikin taragu, shi kuma kan jirgin lokaci-lokaci sai ya saki feshi kamar tururi. Yanzu ku duba jikin taragun da kyau, akwai lambobi: 71, 82, 89, 98. Ba haka kawai aka rubuta su ba, lambobi biyu na ƙarshen shekarun da aka buɗe wuraren shaƙatawa huɗu na Disney World ne, Magic Kingdom, Epcot, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Ni wannan ya burge ni sosai, don ɗan shekara uku ba ruwansa da lamba, an sa su ne saboda babban da ke tsaye a gefe riƙe da takalma.

Abin da ya fi muhimmanci a wajena shi ne babu kududdufi. Irin waɗannan wurare ana gina su ne yadda ruwa ke zurarewa nan take, ba ya taruwa balle a ji tsoron nutsewa, shi ya sa wanda bai daɗe da fara tafiya ba ma yana shiga. Babu dogon layi, ba a auna tsayin yaro kafin a bar shi, yana isowa sai ya faɗa ciki. Iyaye dai su taho da kayan canji da tawul a jaka, don yaron da ya shiga tsakanin giwayen nan sharkaf zai fito, kuma da ƙyar za a raba shi da wurin.