Na Zo Schio, Garin Waliyyiya Bakhita

Salama gare ku, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da muryata, sanyi ne ya kama ta. Yau 8 ga Fabrairu, na ɗauki hutun yini ɗaya daga gidan tsohuwar da nake kula da ita, na hau jirgin ƙasa daga Vicenza zuwa nan Schio, a arewacin Italiya. Ga duwatsu can bayana. A wannan ƙaramin gari Waliyyiya Yusufina Bakhita ta zauna tun daga 1902, a nan kuma ta rasu a rana irin ta yau, shekarar 1947.

Yanzu muka fito daga Misa a cocin sistocin Kanosiya, ƙungiyar da ita ma ta shiga ta zama sista, inda gawarta take kwance ƙarƙashin bagade. Ban ɗauki hoto a ciki ba, hannuna ya ƙi ɗaga waya.

Ga wanda bai san ta ba: 'yar Darfur ce, a Sudan, an haife ta wajen 1869. Tana 'yar ƙarama masu farautar bayi suka sace ta. Tsoron da ta ji ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Bakhita ɗin nan, waɗanda suka sace ta ne suka laƙaba mata, ma'anarsa da Larabci mai sa'a. An sayar da ita hannu zuwa hannu, daga El Obeid har Khartum. A wani gida aka zana mata jiki da gari, aka bi zanen da aska, aka cusa gishiri a raunukan, tabo fiye da 100. Da na karanta wannan, fuskar kakata ce ta faɗo mini. Ita ma tana da tsaga, amma wanzami ya yi mata don a san gidan da ta fito. Na Bakhita kuwa an yi su ne don a san wanda ya mallake ta.

Fada ya yi wa'azi a kan gafara, kuma gaskiya ne, ta yafe wa waɗanda suka cuce ta. Kowa wannan yake faɗa. Amma abin da ya hana ni barci jiya daban ne. Bayan an kawo ta Italiya a 1885, tana renon 'yar wani gida, aka bar su na ɗan lokaci a wurin sistoci a birnin Benis (Venice). Can ta fara jin labarin Yesu. Da uwar gidan ta dawo ta ce tashi mu koma Sudan, Bakhita ta ce a'a. Yarinyar da tun tana ƙarama ba ta taɓa musa wa kowa ba! Aka lallashe ta, aka matsa mata, ta tsaya. Magana ta kai gaban hukuma, ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa 'ya ce, ba baiwar kowa ba. Aka yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu 1890.

Ina faɗin wannan ne saboda 'yan'uwana mata da ke nan Turai. Na haɗu da waɗansu a tasha, na haɗu da waɗansu a coci, sun biyo ta Agadas da Libiya, an ɗora musu bashin da ba ya ƙarewa, an riƙe musu fasfo. Idan sun yi kuka a ce musu ku yi haƙuri, Kirista da haƙuri aka san shi. Wannan magana tana ci mini rai. Bakhita ta yi gafara, amma ba ta koma ba. Don haka ne ma tun 2015, a zamanin Paparoma Faransis, Ikilisiya ta mai da ranar nan ranar addu'a a kan fataucin mutane.

A cikin jirgi na buɗe Ishaya 43, aya ta 1, inda Ubangiji ke cewa kada ka ji tsoro, na fanshe ka, na kira ka da sunanka, kai nawa ne. Sau nawa na ji ayar nan a gida, a zumuntar mata, ban taɓa tsayawa a kanta ba. Yau na karanta ta a garin matar da ta mutu ba ta tuna sunanta na yanka ba. Shi da ya halicce ta bai manta ba.

Mutanen Schio sun ƙaunace ta ƙwarai. Ta yi girki, ta tsare ƙofa, ta kula da kayan bagade shekara da shekaru, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya ayyana ta waliyyiya ranar 1 ga Oktoba 2000.

Na kunna kyandir uku. Ɗaya don Sudan, da yaƙi ke ci tun 2023, har da Darfur ɗinta. Ɗaya don Inna da ke jinya a gida. Na ukun don wata yarinya da muka yi hira a tasha watan jiya, ta gaya mini sunan da ake kiranta da shi, na ce a'a ƙanwata, na gida nake tambaya, sai ta fashe da kuka kafin ta faɗa. Ku saka ta cikin rosarinku na daren yau. Bari in sauri, kada jirgin ya tafi ya bar ni.