Karan gamba, tawadar bagaruwa da gafakar kaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku. Iyaye mata da ke can baya, sannunku da fitowa. Samari da 'yan mata, barkanku da yamma.

Kafin in ce komai, ku dubi abin da ke hannuna. Karan gamba ne busasshe, a bakin hanyar Ningi na tsinko shi, ko sisi ban biya ba. Da safen nan na sa reza na feƙe shi, na tsaga bakinsa kaɗan don tawada ta sami hanyar gangarowa. Da irin wannan karan aka rubuta Alƙur'anan da ke cikin gafakokin kakanninmu a nan Bauchi, da Misau, da Katagum. Abin da na zo roƙonku a yau shi ne ku ɗauke shi da hannunku, ku koyi rubutun hannu da ɗaurin littafi. Ma'aikacin ofis, da malamar makaranta, da ɗan kasuwar Wunti, kowa yana da rabin awa bayan la'asar ko bayan isha'i, kuma rabin awar nan ta isa.

Bari in gaya muku yadda na faɗa cikin harkar. Kakana ya bar mana wani littafin fiƙihu da ya kwafa da hannunsa. Warƙoƙi ne a sake, ba a ɗinke ba, an dai haɗa su tsakanin bango biyu an naɗe da tsirkiyar fata. A gefen kowane shafi akwai ƙananan rubuce-rubuce, wasu da Larabci, wasu da ajamin Hausa, wasu da Fulatanci, wato fassarar da yake ji daga bakin malaminsa yana rubutawa nan take. Da na ga warƙoƙin suna neman watsewa sai na kai wa wani mai ɗaurin littattafai a cikin gari. Bayan kwana uku na koma, ya miƙo mini abu fes, da bango mai ƙyalli. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Ya sa injin yanka ya daidaita gefunan, rabin bayanan kakana sun tafi cikin shara. Ya kuma zuba gam a gadon bayan littafin, har shafi ba ya buɗuwa sai da ƙarfi. Mutumin nan bai yi da mugunta ba, littattafan makaranta ya saba ɗaurewa, abin da ya iya ke nan. Amma abin da wuƙar ta ɗauke ya tafi ke nan. Na yi kwanaki abin yana cina. Daga nan na ce sai na san yadda mutanen da suke yin abinsu.

Abu na farko da na gane shi ne barin warƙoƙi a sake ba gazawa ba ce, hikima ce. Malami yana da littafi ɗaya, almajirai goma sun zagaye shi. Sai ya zare warƙa ya ba wannan, ya zare wata ya ba wancan, kowa ya je ya kwafa a allonsa. Don kada jerin ya rikice, marubuci yakan sa kalma ɗaya a can ƙasan shafi, ita ce kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Ko iska ta watsa littafin a tsakar gida, da waɗannan kalmomin za ka mayar da shi yadda yake. Su ma injin ya yanke su a littafin kakana.

Mu zo kan tawada. Iri biyu ce. Ta allo, da gawayi da ƙaro ake yin ta, shi ya sa take wankuwa. Ta takarda kuwa dole ta kama, kuma sirrinta bagaruwa, wannan dai da majema suke jima da ita. Ka farfasa 'ya'yan, ka jiƙa ko ka tafasa, ka jefa kashin maƙera a ciki, ko tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, ka bar shi 'yan kwanaki. Ruwan zai rine. Ka tace da ƙyalle, ka sa ƙaro kaɗan don ya yi jiki, ka zuba a kurtu. Abin da ke cikin bagaruwa mai ɗaure baki shi ne yake haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙi, kuma in ka rubuta za ka ga layin ya fito da ɗan haske, sai ya sha iska ya ƙara duhu a gaban idonka. Ranar da na fara ganin haka sai da na kira mai ɗakina ta zo ta gani. Hattara dai da yawan ƙarfe: in ya yi yawa, da shekaru sun tura tawadar za ta cinye takarda, harafi ya zama rami.

Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'anin hannu ya ga launuka, kuma babu wanda aka sa don ado kawai. Baƙi na babbaƙu ne, ja na wasula, ɗigon rawaya na hamza, kore kuma na alifin da ake sadarwa a wuce. Rubutun namu ɗan gidan rubutun Magrib ne, a kan ruwayar Warshu: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama. Yaran da suka tashi da bugun Madina kaɗai sukan ɗauka kuskure ne, alhali haka aka gada. Har sunaye muka raɗa wa haruffan da harshenmu, ba guje, ta kuri, lam ara, mim jaye, nun guda, kuma kowane suna yana gaya maka siffar harafin kafin ka zana shi.

Wannan aiki ya daɗe a ƙasar nan. Akwai Alƙur'anin da aka samu daga Barno mai ɗauke da tarihin 1669, da bayani cikin tsohon harshen Kanembu a tsakanin layukansa. Turawan da suka iso Kukawa a 1823 sun tarar ana rubuta Alƙur'ani a Barno ana kaiwa har Arewacin Afirka da Masar ana sayarwa da tsada. Ku duba, takardar daga can take zuwa, mu rubuta, ta koma musu da daraja. In kuna da tsohon littafi a gida, ku ɗaga warƙa ɗaya ku kara ta da hasken rana. Sau da yawa za ku ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Tambarin masu yin takarda ne na ƙasar Italiya, ayari ne ya ɗauko ta daga Tarabulus ya keto Sahara da ita. Mu kuma nan muna bakin hanyar, don har gobe in an ce yaro ya tafi gabas, kowa ya san karatu ya tafi nema.

Wasu matasa sukan ce mini su rubutun Larabawa suke so, irin na bugun Madina. Madalla. Shi ma da ƙa'idarsa: Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, shi ya auna haruffa da ɗigon bakin alƙalami, a ce tsawon alif ɗigo kaza ne, sauran haruffa su bi shi. Mus'hafin Madina da ke hannun kowa kuwa, mai shafi 604 da layi 15 a shafi, hannun mutum ɗaya ne, Usman Ɗaha, mutumin Sham. Inji bugawa kawai ya yi. Amma ni shawarata ku fara da na gida. Malaminsa yana unguwarku, a tsangaya, yana zaune a kan buzu. Ku je ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce, Alaramma, hannu na zo a gyara mini. Wanda ya ga irin hannun marigayi Sharif Bala Gabari na Kano ya san rubutunmu ba ya jin kunyar na kowa.

Sai dai ga gargaɗi, kuma da gaske nake. Mai koyo don sha'awa kada ya fara da Alƙur'ani. Masu rubuta shi sai sun haddace, sun yi satu, sun kai allo gaban gwanaye an bi harafi bayan harafi. Kai fara da babbaƙu. Cika shafi da ba guje har ta daina rawa. Daga nan ka rubuta karin magana da ajami, ko baitin waƙa, ko sunayen 'ya'yanka. Takardar gwaji kuma in akwai sunan Allah a jikinta kada ta shiga shara, a adana ko a ƙone.

Ɗinkin littafi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, yau ɗin nan za ku iya. Ɗauki takarda biyar ka ninka su biyu, ka sa wata cikin wata. Amma ka fara lanƙwasa takardar ta tsaye da ta kwance ka ji: ta gefe ɗaya tana bi da sauƙi, ta ɗayan tana gardama. Takarda tana da hanya kamar yadda itace yake da ita, kuma in ka ninka a kan hanyarta littafin zai kwanta lafiya, in ka saɓa sai ya riƙa bankarewa. Huda rami uku a kan ninkin da basilla. Goga wa zarenka kakin zuma don kada ya riƙa ƙullewa. Shiga ta ramin tsakiya, fito ta na sama, tsallaka zuwa na ƙasa, dawo tsakiya, ka ɗaure a kan dogon zaren. Ga littafi. Bango kuma kwalin da kuke jefarwa ya isa, a lulluɓe shi da ragowar atamfa ko shadda. Mata, nan fagenku ne. Hannun da ya iya ɗinkin hula wannan ba komai ba ne a wurinsa. Ragowar takardun a ninke su a yi ambulan, ko katin gayyatar suna da walimar sauka.

Tsofaffin littattafai kuwa, ina roƙonku da girman Allah: kada gam, kada salatif, kada a kai su a manne da leda a inji. Salatif yakan bushe ya faɗi ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Ku yanka kwali biyu masu kauri, su ɗan fi warƙoƙin faɗi, ku sa littafin a tsakani. Ku je wurin baduku ya yi muku gafaka da jar fatar akuya, irin wadda ake rinawa da karan dafi. A ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a nisanta shi da bangon da ke tsattsafo da damina, in rani ya shigo a buɗe shi a inuwa ya sha iska. Na kakana yanzu haka yake, na yi wata biyu ina ɓamɓare gam ɗin a hankali, warƙa bayan warƙa.

To, na zo da kara kusan talatin, da kurtu huɗu, da takarda. Layin gaba ku fara matsowa, mutum biyar biyar. Hajiya, ku ma a miƙa muku naku can. Kowa ya riƙe rezarsa bakin yana kallon waje, kada ya yanko wajen yatsansa, sannan mu fara da alif.