Kwalbar Dala 12: Mun Ɗora Zinfandel a Sikeli

Ladi: Jama'a barkanku da war haka. Yau ma muna Sakramento ta jihar Kalifoniya, a kicin ɗin Yaya Bitrus. Ga tsire yana ta ƙamshi, ga kwalbar giya ɗaya tal ta inabin zinfandel a tsakiyar tebur, Malam Sani kuma ya ja kujerarsa can baya kamar kwalbar za ta cije shi.

Sani: Gara masu sauraro su sani tun da wuri. Ni ba na sha, addinina ya hana, kuma ba yau zan fara ba. Nawa aikin tambaya ne da cin tsire. Sai dai ban zo hannu rabbana ba, ga nonon inabi na tsinko a wata gona a Lodi, yankin noman inabi da ke nan kusa.

Bitrus: Madalla, Malam. Ɗaga shi Ladi ta gani. Kin lura? A nono ɗaya ga wasu 'ya'yan ba su gama nuna ba, da sauran ja-ja, ga wasu sun yi baƙi sun cika fam, ga na gefen nan har sun yamushe sun zama zabibi. Halin zinfandel ke nan, ba ya nuna tare. Manomi in ya jira na baya su nuna, na gaba sun bushe, sukari ya yi yawa. Sukarin nan kuwa shi yisti ke ci ya mayar barasa. Karanta mana jikin kwalbar.

Ladi: Kashi 14.5 cikin 100. Kai! Kuma an rubuta da Turanci wai daga tsofaffin kurangu ne, na Lodi. Dala 12 na saye ta.

Sani: Tsofaffi kamar shekara nawa?

Bitrus: Nan ake yin ta. Babu wata doka a Amurka da ta ce ga shekarun da kuranga za ta kai kafin a kira ta tsohuwa. Mai gona 'yar shekara 25 zai iya rubutawa, mai 'yar shekara 100 ma haka. Abin da doka ta kama shi ne sunan inabin da sunan wurin. In ka rubuta zinfandel, dole kashi 75 ya zama shi ne, in ka rubuta Lodi, dole kashi 85 ya fito daga can.

Sani: Ashe akwai kashi 25 da mai kwalba zai cusa abin da ya ga dama.

Bitrus: Wani inabin dai, galibi petite sirah, don ya ƙara duhu da nauyi. Ba ha'inci ba ne, tsohuwar al'ada ce. To Ladi, zuba kaɗan, ki juya kofin, ki sa hanci kafin baki.

Ladi: Hmm. Wallahi kamar an dafa ɗinya da sukari. Akwai wani abu kamar zoɓon da aka bari ya yi kauri, sai ɗan masoro can ƙasa. Amma ƙamshin da ya fi tasowa irin na kek ne, banila.

Bitrus: Banilar nan itace ne. Masu tsada suna ajiye ruwan a gangar itacen ok ya yi watanni. Gangar kuwa da tsada, don haka masu araha da yawa sukan zuba gutsattsarin itacen a cikin tankin ƙarfe, ƙamshin ya shiga da sauri. Ban ce lallai haka wannan kamfanin ya yi ba, amma a dala 12 ba na tsammanin sabuwar ganga.

Ladi: Bari in kurɓa. To, zaƙi ne ya fara tarbe ni. Tsamin kaɗan ne. Baurin nan da ke kama dasashi kamar an tauna ɗanyen goro, shi ma ba shi da yawa, ya wuce sumul. Sai da na haɗiye na ji zafi a maƙogwaro.

Bitrus: Ni abin da ke damuna ke nan da ita. Farkonta ya fi ƙarshenta. Ki ƙirga a ranki bayan kin haɗiye, kafin ki kai biyar ɗanɗanon ya gudu, zafin kawai ya rage. Mai kyau sai ki kai ashirin yana nan.

Sani: Ni dai na tauna 'ya'yan, kuma sun fi na kanti zaƙi nesa ba kusa ba, sai dai ƙwallaye. Inabin nan asalinsa ɗan Kalifoniya ne?

Bitrus: An daɗe ana wannan gardamar. An san cewa wajen shekarun 1820 aka kawo shi gabashin Amurka, ya iso nan lokacin da jama'a suka yi ta tururuwa neman zinariya a shekarun 1850. Daga baya aka gane shi ne primitivo na yankin Puglia a kudancin Italiya. Sai a 2001 Farfesa Carole Meredith ta jami'ar Kalifoniya da ke Davis, nan kusa da mu, tare da masana daga Zagreb, suka samo shi ta gwajin ƙwayoyin halitta a wata gona kusa da Split a Kuroshiya. Can tsohon sunansa tribidrag. Kurangu tara kacal aka tarar a gonar.

Ladi: Tara! Ga shi nan ya cika gari, a gidansu ya kusa ƙarewa.

Bitrus: Nan ɗin ma saura ƙiris a tumɓuke shi. Abin da ya cece shi abin dariya ne. A 1975, a kamfanin Sutter Home, yisti ya tsaya da aiki kafin ya cinye sukarin wani tanki, ruwan ya fito ja-ja fari-fari, mai zaƙi. Bob Trinchero, mai haɗa giyar kamfanin, ya sayar da shi haka, Amurkawa suka yi masa caa. Masana suna ta yatsina fuska, amma kuɗin wannan farin zinfandel ɗin ne ya hana manoma cire tsofaffin kurangu.

Sani: Wato wanda ake rainawa shi ya riƙe gidan. To ku gwada da tsiren mana, in ji ko za su shirya.

Ladi: Da naman kaɗai ya yi daidai, hayaƙin gashin da zaƙin sun haɗu. Bari in dangwala yaji... Wayyo! Ruwa, Malam, miƙo ruwa!

Bitrus: Da kin tambaye ni! Barasa mai ƙarfi ƙara wa barkono wuta take yi. Da yajin ƙuli zalla ne, da kin tsira.

Ladi: Sai yanzu za ka faɗa, Yaya? To ni na ba ta shida cikin goma. Zan sake saya in za a gasa nama, amma sai na sa ta a firji minti 20 tukuna, ko zafin nan zai lafa.

Bitrus: Biyar da rabi. Rabin nan na cire shi ne saboda maganar tsofaffin kurangu, don ban ji tsufa a bakina ba.

Sani: Ni kuma na ba tsiren tara. Ladi, tunda bakinki na ci da wuta, turo min farantin nan.