Land Cruiser da aka sauya wa inji: abin dubawa kafin ka ƙirga kuɗinka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Motar nan da kuke gani Land Cruiser ce ƙirar 80, irin wadda Toyota ya fara fitarwa a 1990. Duk wanda ya taɓa shiga hanyar ƙauye da damina, ko ya ratsa rairayin Agadas, ba sai an gaya masa darajarta ba. Mai ita ya sa ta a kasuwa. Ko gaisawa ba mu gama ba dillali ya ce, "Alhaji, inji sabo ne, ɗan Beljiyam, ko wata shida bai yi ba." Wannan maganar ce ta sa na tsaya a kanta yau, domin sauya inji ba laifi ba ne, mota mai shekara 30 dole wata rana ta buƙaci haka. Abin da nake so ka gane shi ne hannun da ya ɗora injin, wane irin hannu ne.

Buɗe bonet. Kar ka fara kallon injin tukuna. Leƙa can baya, jikin ƙarfen da ya raba ɗakin inji da mazaunin direba, akwai ɗan faranti da kamfani ya manna. Karanta haruffan. Idan ka ga FZJ80, motar fetur ce tun asali, ta zo da injin 1FZ mai lita 4.5. Idan HZJ80 ne, da dizal aka haife ta, injin 1HZ mai lita 4.2. HDJ80 kuwa dizal ne mai tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi. Tamu FZJ80 ce, amma abin da ke zaune a ciki 1HZ ne. Ke nan ba inji kawai aka sauya ba, an mai da motar fetur ta koma dizal, kuma wannan aiki ya fi cire tsoho a sa irinsa wahala nesa ba kusa ba.

Sai ka nemi lambar da aka buga a jikin injin, ka goge ta da tsumma, ka haɗa da abin da ke cikin takardu. In ba su yi daidai ba, ina rasitin sayen injin? Daga Ƙofar Ruwa ne, ko Panteka, ko Ladipo? An je an gyara takardun? In ba a yi ba, kai ne za ka tsaya yin bayani a shingen hanya, wanda ya sayar maka yana gida. Lambar shasi ma duba ta, tana jikin ƙarfen ta wajen tayar gaba, a tabbatar babu alamar an kankare an sake bugawa. Mitar kilomita kuwa manta da ita, tafiyar jikin motar take ƙirgawa, ba ta san komai game da wannan injin ba.

Yanzu zancen tayarwa. Ka roƙi mai mota kar a taɓa makulli sai ka iso, ka zo da sassafe, ka ɗora tafin hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake faɗin gaskiya. Murɗa makulli rabi, fitilar ɗumama inji ta kama ta mutu, sannan ka tayar. Lafiyayyen 1HZ bugu ɗaya ne. Ɗan hayaƙi na 'yan daƙiƙoƙi ba komai, amma fari da ya ƙi yankewa, ko shuɗi mai warin baƙin mai, wannan magana ce babba.

Kalli abin da makanikenmu yake yi. Ya kwance murfin zuba baƙin mai, ya ajiye shi a bakin ramin bai ɗaure ba, inji na aiki. Kun ga yana ɗan rawa amma bai tashi ba. Da ringi sun cinye, iska za ta riƙa cilla murfin, hayaƙi na bin bayansa. Haka lagireto: tun injin na da sanyi ya cire murfin, yanzu yana kallon ruwan. Kumfa mai tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa na nuna gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage. Ina roƙonka don Allah, kar ka taɓa buɗe lagireto da zafi.

Akwai wani abu da ke damuna da masu wannan aiki. Injin 1FZ yana da ƙarfin doki wajen 200, shi kuwa 1HZ wajen 130 ne. Wanda ya saba da na fetur sai ya ga motar ta yi nauyi a kan kwalta, ya koma gareji yana ƙorafi, makanike ya murɗa famfon mai ya ƙara masa, ko a ɗaura tabon da ba da shi aka ƙera injin ba. Mota ta yi gudu, mai ita ya ji daɗi, zafi kuma yana cin injin daga ciki. Duba sukurun da ke jikin famfon ko akwai sabuwar alamar sifana. In ka taka totur baƙin hayaƙi ya rufe na bayanka, to an taɓa shi. Rashin gudu a 1HZ halinsa ne, ba ciwo ba.

Mu shiga ƙarƙashi, nan ne aikin yake. Mazaunin inji a shasin motar fetur ba wuri ɗaya yake da na dizal ba, dole a yanka a sake walda. Haska da tocila. Waldar kirki a jere take, a shafe, an ƙara mata ƙarfe mai kauri. Wannan tamu ɓangaren dama ya yi kyau, na hagu kuwa dubi yadda ta taru guda-guda kamar kashin kaza, har tsatsa ta fara bin gefenta. A gari ba za ka ji komai ba. Ranar da ka yi awa uku a kan gargada ne za ta ba ka labari.

Ka kuma tambaya daga wace mota aka ciro injin, domin 1HZ yana cikin Land Cruiser ƙirar 70, yana kuma cikin bas ɗin Coaster. Kaskon baƙin mai na ƙasa yana iya bambanta. Dubi tazarar da ke tsakanin kaskon da aksul ɗin gaba. In ka ga lotsawa ko wurin da fenti ya goge yana ƙyalli, suna haɗuwa ke nan duk lokacin da mota ta faɗa rami. Na taɓa kwana a daji saboda irin wannan, a motar wani da ya rage mana hanya. Kasko ya fashe, mai ya tsiyaye a yashi muna kallo, ƙauye mafi kusa kuma tafiyar ƙafa ce mai nisa.

Birki. Wannan kar ka tsallake shi ko kana sauri. Injin fetur da kansa yake samar da zuƙar iskar da ke sa birki ya yi laushi, dizal kuwa sai da famfo na musamman da tiyo mai zuwa wurin birkin. Kashe inji, taka birki sau biyar har ya yi tauri, riƙe ƙafarka a kai, ka tayar. Ya kamata ka ji ya ɗan nutse. In ya tsaya kamar dutse, kar ka hau titi da ita.

Wayoyi kuwa kallo ɗaya ya isa ka san irin rewayan da ya yi aikin. An bi da su cikin roba an ɗaure, ko an murɗa da hannu an naɗe da leda? Akwai fis, ko an sa silin waya a madadinsa? Allurar zafi ita ce na fi kula da ita. Sau da yawa ba a haɗa ta daidai da sabon injin, sai ta kwanta wuri ɗaya, inji na tafasa direba bai sani ba. Akwai matatar dizal mai raba ruwa da mai? Ga wanda ke sayen mai a jarka a bakin hanya, rashinta na kashe famfo da nozul. Ka kuma sani 1FZ sarƙa ce ke haɗa aikinsa, 1HZ kuwa bel ne. Tunda ba wanda ya san shekarun wanda ke ciki, sa kuɗin sabo a lissafinka tun yanzu.

Sai gwajin hanya, kuma zagaye unguwa ba gwaji ba ne. Ba ta minti 30, da na'urar sanyi a kunne, a hau gangare. Kowace giya ta shiga ba gurnani. In sitiyari ko kujera na karkarwa a wani takamaiman gudu, zargi farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa tayoyi, wataƙila an yanke ta an ƙara ba a daidaita ba. Sauka kan yashi, sa ƙaramar giya ta L, ka ji ƙafafu huɗu na ja. Murɗa sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali, ƙas-ƙas daga gaba na nufin gaɓar aksul ta gaji. Da kun dawo, faka a wuri mai tsabta, ku sha ruwa, sannan ka duƙa ka ga abin da ya ɗiga.

Tamu ta ɗan zubar da mai ta bayan inji, inda ya haɗu da giyabos, ɗigo uku a minti goma. Injin kansa lafiya lau, birki ya amsa, allurar zafi tana motsi. Na gaya wa mai saye a sake waldar hagu, a sauya bel da robar da ke yoyo, a gyara takardu kafin kuɗi ya fita, a kuma cire kuɗin duk wannan daga farashi. Dillali ya ce zai kira mai mota bayan la'asar.

Sai mun haɗu a na gaba, Allah ya kiyaye hanya.