"Har Yanzu Ba Ta Iya Karatu Ba?" Ga Amsata Daga Finland

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. In kun dubi bayana a bidiyon nan za ku ce dare ne, alhali ƙarfe huɗu ma bai cika ba. Haka Nuwamba yake a birnin Tampere na ƙasar Finland. Ina hanyar ɗauko 'yata daga gidan renon yara, na ce ba zan jira sai na koma gida ba, a kan ƙafa zan yi maganar nan, don raina a ɓace yake.

Yanzu muka ajiye waya da yayata da ke Birmingham a Ingila. Ɗanta shekararsa huɗu da 'yan watanni, tun Satumba ya shiga makaranta, da kayan makaranta da jaka da littafin da ake ba shi ya karanta a gida. Ta sa ya karanta min layi biyu, na ji daɗi, na sa masa albarka. Sai ta ce, "To ke taki fa? Ta girme shi da shekara guda, har yanzu ba ta iya karatu ba? Duk hoton da kika turo, ko tana cikin taɓo ko tana kan bishiya. Anya ba a cuce ku ba a ƙasar nan?" Na ce, "Yaya, don Allah a bar maganar nan." Girmanta ne ya rufe min baki. Amma ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya ji shekarun yarinyar nan, tambayarsa ta biyu ita ce aji nawa take, in na ce ba ta shiga ba sai a yi min kallon wadda ta yi sakaci da amana.

A ƙasar nan yaro ba ya shiga aji ɗaya sai shekarar da zai cika bakwai. Doka ce, ba ni na zaɓa ba. A shekara shida akwai ajin share fage da suke ce wa eskari, wanda ya zama dole tun 2015, kyauta ne, kamar awa huɗu a rana, kuma shi ma yawancinsa wasa ne. Estoniya da ke tsallaken teku ma a bakwai suke farawa. Ingila kuwa a doka biyar ne, amma yawancin yara tun suna huɗu ake kai su, sannan tun 2012 ake yi wa 'yan aji ɗaya gwajin haɗa baƙaƙe, yaro bai fi shida ba. Ko a can ɗin ba kowa ya yarda ba. A 2013 masana sama da ɗari suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa an yi wa yaran gaggawa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a ce "wasa kawai". Ku zo ku ga wasan. Rukunin 'yata, kowane mako sai an kwashe su an shiga daji, kowa da rigarsa mai ƙyalli don masu mota su hango su. Su tsinto 'ya'yan itatuwa, su jera daga ƙarami zuwa babba, su raba wa juna daidai, in saura ɗaya ya rage su yi gardamar wa zai ɗauka. Lissafi ke nan, ba a ba kowa fensir ba. Ruwa ko dusar ƙanƙara ba ya hana su fita, sai dai in sanyi ya kai wajen digiri 15 ƙasa da sifili. Kuma ba sakin su ake yi ba. Doka ta ce yara 'yan sama da shekara uku, babba ɗaya ga yara bakwai, 'yan ƙasa da uku kuwa ɗaya ga huɗu. Malamar da ke jagorantar rukunin da digirinta na jami'a a kan tarbiyyar ƙananan yara. Mace ta yi shekaru tana karatu don ta tsuguna a cikin yashi ta lura wane yaro ne ba ya iya jiran layinsa, wane ne kullum yake gefe shi kaɗai.

Akwai zama da ake yi da iyaye, a rubuta wa kowane yaro nasa tsarin. Da muka zauna, ba ta ce min komai a kan baƙaƙe ba sai da na tambaya. Abin da ta lissafa min: yarinyar tana sa kayanta da kanta, tana riƙe almakashi daidai, tana iya sauraron labari har ƙarshe ta maimaita shi, in aka ɓata mata rai tana faɗa da baki maimakon ta kai hannu. Na ce, "Malama, karatu fa?" Ta ce in yarinyar ta nema za a nuna mata, ba a hana kowa, amma ba za a zaunar da ita a kan kujera a tilasta mata ba. Kuma gaskiya ne. Kwanan nan ta fara tsayar da ni a bakin shago tana cewa, "Mama, wannan irin na farkon sunana ne." Babu wanda ya ce ta duba.

Ba alfahari ba, amma yarinyar nan 'yar shekara biyar ita ke sa rigar sanyinta mai haɗe da wando, ta ja zif, ta sa takalmi da safar hannu, ta ɗauki jakarta. Rigar nan kuwa, sabuwa ta fi yuro 100, ga ta roba ta shiga taɓo daban, kuma kafin hunturu ya zagayo ta yi mata kaɗan. Ni kasuwar 'yan gwanjo nake zuwa, su kansu 'yan ƙasar a can suke saye, babu mai jin kunya. Kuɗin gidan renon kuma gwargwadon abin da iyali ke samu ne, mafi tsada wajen yuro 300 a wata, masu ƙaramin ƙarfi ba sa biyan ko sisi, da abincin yaro a ciki.

Wani abu da nake yawan tunani a kansa shi ne hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa a umarci yara da salla suna da shekara bakwai. Salla fa, ginshiƙin addini, ba a ce a ɗora wa yaro ita yana ɗan uku ba. Yana ganin iyayensa suna yi, yana kwaikwayo, yana hawa bayan babansa a sujada, sai ya kai bakwai a fara ce masa tashi ka yi. To me ya sa boko ne muke ganin in ɗan shekara uku bai cika shafi da rubutu ba ya lalace?

Akwai wani mai bincike, Sebastian Suggate, da ya yi aikinsa a Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand. Ya kwatanta yaran da aka fara koya wa karatu suna biyar da waɗanda aka fara suna bakwai. Zuwa wajen shekara goma sha ɗaya, na bayan sun kamo na gaban. Shekara biyun da aka zaunar da na farkon ba ta bar musu ratar da ta ɗore ba.

Na san abin da Yaya za ta ce in ta ga bidiyon nan: ai Finland ɗin ma ta faɗi. Haka ne. A jarrabawar PISA, wadda ake kwatanta ɗaliban ƙasashe da ita, a 2000 su ne na ɗaya a karatu a duniya, a 2006 na ɗaya a kimiyya, amma sakamakon 2022 ya yi ƙasa sosai, kuma su kansu suna ta muhawara a kai. Sai dai ku lura, lokacin da suke na ɗayan ma a bakwai yaransu ke fara makaranta. Kuma Estoniya da ke gaba-gaba a Turai yanzu ita ma bakwai ne. Duk abin da ya jawo faɗuwar, ba za a ɗora shi a kan lilo da yashi ba.

Yanzu ga gargaɗina, musamman ga wadda za ta ce, "Ai wata a Finland ta ce a bar yaro sai bakwai," ta cire ɗanta daga makaranta ta miƙa masa waya ya wuni yana kallo. Kada ki jingina min wannan. Jinkirin nan yana aiki ne saboda akwai abin da ya cika shekarun: babba mai lura, abokan wasa, fili, da labarin da ake karanta wa yaro kullum. Ga asibitin yara da suke ce wa neuvola, inda ake duba ido da ji da magana, a shekara huɗu a yi babban dubawa, don in akwai matsala a kama ta tun kafin makaranta. Sannan harshensu yadda ake faɗa haka ake rubutawa, harafi ɗaya sauti ɗaya, shi ya sa da yawansu cikin 'yan watannin farko na aji ɗaya sun kama karatu. Turanci ba haka yake ba, rubutu daban furuci daban, yaro yana ɗaukar lokaci. In ƙasar da kike dokarta ta ce biyar, ki kai shi a biyar, amma in ya dawo ki bar shi ya yi wasa, kada ki ƙara masa wani darasin da yamma.

Abin da ke damuna ni ba karatu ba ne, Hausa ce. Yarinyar nan wuni take cikin harshen Finland, in na yi mata magana da Hausa ta amsa min da nasu. Ranar da na zauna ina koya mata carafke da duwatsun da ta tsinto, sai da idona ya ciko, don ni a cikin yara fiye da goma na koya, babu wanda ya zaunar da ni, ita kuwa daga ni sai ita a ɗaki. Da dare tatsuniya nake yi mata, kuma yanzu in na ce "ga ta nan ga ta nanku" tana amsawa kafin in rufe baki. In ta shiga makaranta, ƙananan hukumomi kan ba da darasin harshen uwa kamar awa biyu a mako in an sami isassun yara masu harshe ɗaya. Don haka Hausawan Tampere da kewaye, in kuna da yara sa'anninta, ku neme ni mu haɗa kai tun yanzu.

Masu shirin zuwa da ƙananan yara kuma, ku nemi gurbin gidan reno wata huɗu kafin ranar da kuke so yaro ya fara, haka ƙa'idar take, sai dai in aiki ko karatu ya zo muku kwatsam, nan ne ake iya yi cikin mako biyu. Ku rubuta sunan yaro a jikin kowace safa da hula, don yara ashirin ne ke tuɓe kaya iri ɗaya a wuri guda. Kuma ranar da aka miƙo muku shi da taɓo har kunne, kada ku yi wa malamar faɗa, ku dai tanadi kaya na biyu a jaka.