Me ya sa wasu ɗalibai suka tsaya a bayan katanga?

Ku tsayar da hoton nan tukuna, daga bidiyon wani yawon makaranta ne zuwa tsofaffin wuraren bauta a Indiya. Yara ne cikin kayan makaranta, sun jeru a kan wani dandamali suna leƙen abin da ke bayan katanga, sauran 'yan ajinsu kuwa sun shige ciki da malama. Wannan ɗan guntun bidiyon ne ya tayar da ƙura. Wasu sun ce 'ya'yan talakawa ne aka bari a waje don ba su biya kuɗin shiga ba, wasu sun ce horo ake yi musu. Duk ba haka ba ne. Mu koma farkon tafiyar.

Nan Bhubaneswar ce, babban birnin jihar Odisha a gabashin Indiya. Tsohon garin cike yake da wuraren bautar mabiya addinin Hindu, na dutse, kusa da juna, har ana iya zagaya da yawa daga cikinsu da ƙafa kafin rana ta take.

Zangon farko, Parasurameswar, ginin ƙarni na 7. Ɗan ƙarami ne, amma yana cikin mafi tsufa a garin. Taku kaɗan gaba sai Mukteswar na ƙarni na 10, ga ƙofarsa mai lanƙwasa kamar baka. Ku dubi gefen tagar nan, birai ne aka sassaƙa suna ta wasa. Malama na bayanin sarakunan da suka yi ginin, yaran nan kuwa ƙirga birai suke yi, kuma wallahi ban ga laifinsu ba.

Ku lura da abu ɗaya: har yanzu kowa na tare. Sun tuɓe takalma, sun shiga harabar gaba ɗaya.

Sai Rajarani, ƙarni na 11. A nan ne ake sayen tikiti, kuma hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya, wato ASI, ita ke riƙe da wurin. Ɗakin tsakiyarsa babu gunki, ba a bauta a ciki, wurin tarihi ne zalla. Kuma a irin waɗannan wurare yaron da bai kai shekara 15 ba kyauta yake shiga. Kun ga maganar kuɗi ta faɗi ke nan.

To, ga inda aka samu ruɗani. Waccan doguwar hasumiya da ta kai wajen mita 55, Lingaraj ke nan, mafi girma a garin, shi ma na ƙarni na 11. Mutum daga nesa zai ɗauka duk tsofaffin gine-ginen nan doka ɗaya ce ke kansu, tunda dutse iri ɗaya ne, fasali iri ɗaya. A'a. Lingaraj kullum ana bauta a cikinsa, da masu hidimarsa, da dafa abincin da ake miƙawa, da dubban masu ziyara. Masu kula da shi suna da tsohuwar ƙa'ida: wanda ba mabiyin addinin Hindu ba ne ba ya ƙetare ƙofa. Ko su kansu masu shigar, sai sun ajiye takalma da waya da kyamara a waje. Shi ya sa ba ku ga hoton ciki ko ɗaya a bidiyon ba.

Aji guda a Indiya kuwa ana iya samun ɗan Hindu da Musulmi da Kirista a benci ɗaya. Idan an iso wannan ƙofa, dole ajin ya rabu biyu na ɗan lokaci.

Kada kuma ku ce ai duk inda ake bauta haka ne. Mukteswar da muka baro ana bauta a can, amma baƙi na shiga harabarsa. Kowane wuri da tasa dokar. Babban wurin bauta na Jagannath a garin Puri, kimanin kilomita 60 daga nan, shi ma ba ya barin wanda ba Hindu ba.

Dandamalin da yaran ke kai ma yana da tarihi. Tun zamanin mulkin mallaka aka gina shi, saboda ziyarar Lord Curzon, babban gwamnan Ingila a Indiya daga 1899 zuwa 1905. Duk da ikonsa, a bayan katanga ya tsaya. Daga nan sama ana hango hasumiyar tun daga gindinta, da ƙananan ɗakunan bauta birjik a harabar. Ku ba hoton ɗan lokaci.

Ni dai abin da ya dame ni fuskar yarinyar nan ce ta gefen hagu. Da alama babu wanda ya faɗa mata tun a mota cewa za a rabu a wannan ƙofa. Yaro ɗan shekara 9 bai san wani Curzon ba, abin da ya gani shi ne ƙawarsa ta shiga an bar shi. Da ni ce malamar, tun a aji zan yi bayani, in kuma bar wa 'yan dandamali aikin zana hasumiyar, don su ma su koma da abin nunawa.

Ga su nan sun sake haɗuwa a bakin tafkin Bindusagar, an buɗe kwanukan abinci, masu shiga na ba da labarin ciki, 'yan sama na musu cewa su suka fi ganin komai. Direba ya fara danna oda.