Amsoshin Tambayoyinku: Shin Ana Iya Satar Jin Hirar Wayar Salula?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku muka haɗa a wannan mako, domin duk a kan magana ɗaya suke.

Ta farko daga wani mai sauraro ce da ke cewa: "Don Allah ku yi mini bayani, shin wani zai iya jin abin da nake faɗa a waya ba tare da na sani ba?"

To malam, ana iya ji. Amma sauƙin abin ko wuyarsa ya danganta da inda mai satar jin ya laɓe, domin muryarka wuri uku take ratsawa: cikin wayar kanta, iskar da ke tsakanin waya da turken sadarwa, sai na'urorin kamfanin da ya ba ka layi.

Mu fara da iska, tunda nan hankalin jama'a ya fi karkata. Wayoyin shekarun 1980 a fili suke watsa murya, duk mai akwatin laluben zango sai ya kama. Da tsarin GSM ya zo a 1991, wanda muke kira 2G, aka mayar da murya lambobi aka kulle da wani lissafi mai suna A5/1. Kullen ya tsufa. A 2009 wani masani Bajamushe, Karsten Nohl, ya bayyana hanyar fasa shi, a 2010 kuma shi da Sylvain Munaut suka gwada a gaban taro a Berlin, da tsofaffin wayoyin Motorola masu arha da kwamfuta.

Akwai ɓarakar da ta fi wannan girma. A 2G, turke yana tantance waya, amma waya ba ta tantance turke. Saboda haka ake haɗa turken bogi, irin na'urar StingRay da jami'an tsaro a Amurka suka yi amfani da ita. Na'urar takan yi shelar cewa ita turken kamfaninka ce, da sigina mai ƙarfi. Wayarka kuwa mai ƙarfi take bi, sai ta koma kanta. Daga nan na'urar ta karɓi lambar da ke cikin sim ɗinka, ta umarci wayar da kada ta kulle muryar, sannan ta miƙa kiran gaba don kada ka ji wani canji. Yawancin wayoyi ba sa yin gargaɗi. A taron masu kutsen kwamfuta na DEF CON na 2010 a Las Vegas an nuna irin wannan da kayan da ba su wuce dala 1,500 ba. Sai dai dole mai yi ya zo kusa da kai da kayansa, ba daga wani gari ake yi ba.

Daga 3G zuwa sama an toshe wannan ƙofa: waya ma tana tantance turke, makullin kuma ya ƙara tsawo. Abin da masu kutse ke yi shi ne su dagula 3G da 4G a wurin, su tilasta wa wayar ta sauko 2G. Don haka idan wayarka ta Android 12 ce ko sama, shiga saitin sim ka nemi inda aka rubuta Allow 2G ka kashe. Ba kowace waya ke da shi ba. A iPhone, kunna saitin tsauraran tsaro mai suna Lockdown Mode tun daga iOS 17 yana rufe 2G. Illar ita ce inda babu sabis sai na 2G ba za ka samu layi ba. Ka kuma lura: in alamar 4G tana ɓacewa duk sanda ka buga kira, to VoLTE, wato tsarin buga kira ta 4G, ba a kunne yake ba, ta tsohuwar hanya kiranka ke fita.

Wuri na gaba ya fi damun mu. Kullen nan a iska kawai yake aiki. Da muryar ta shiga na'urorin kamfani sai a buɗe ta, tamkar wasiƙar da ake buɗe ambulan ɗinta a gidan waya a sake sa ta a wani. A ƙasashe da dama doka ta wajabta wa kamfanoni su tanadi hanyar da hukuma za ta saurari layi bisa izini, kuma ƙofar da aka gina wa hukuma ɓarawo ma yana iya bi. A Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu sun kutsa na'urorin Vodafone suka karkatar da wannan tsari, suka yi wata da watanni suna sauraren wayoyi kusan 100, har da ta Firaminista Kostas Karamanlis. Akwai kuma SS7, tsarin da kamfanonin duniya ke gaya wa juna inda layi yake. Tun shekarun 1970 aka tsara shi, lokacin da kamfanonin ba su da yawa kuma sun yarda da juna, don haka ba ya tambayar waye ya aiko umarni. A 2016, ta wannan hanya daga Berlin aka naɗi hirar ɗan majalisar Amurka Ted Lieu, da yardarsa, da lambar wayarsa kaɗai.

Babu wani saiti a wayarka da zai hana wannan. Maganinsa shi ne ka yi magana mai nauyi ta Signal ko WhatsApp, inda ake kulle murya a wayarka ba a buɗe ta sai a wayar abokin hirarka. WhatsApp ya kammala wannan tsari a 2016. Duk da haka, wanda ka kira da lokacin da tsawon hirar ba su ɓoyu gaba ɗaya ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata mai sauraro ce: "Ina jin muryata tana dawo mini in ina waya, wani lokaci da ƙara-ƙara. An ce in danna *#21# zan gane ko ana saurarena."

Malama, hankalinki ya kwanta a kan amsa-kuwwar. Galibi sautin lasifikar ɗaya wayar ne ke komawa cikin makirufonta, ko kuma raunin sabis. Sauraren zamani kwafar bayanai ne, ba ya ƙara ko kaɗan. Ita kuwa *#21# abu ɗaya take nunawa: ko an karkatar da kiranki zuwa wata lamba. *#62# tana nuna inda kira ke zuwa in wayarki a kashe take, kuma lambar da za ki gani yawanci ta akwatin saƙon murya na kamfaninki ce. In kin ga baƙuwar lamba, danna ##002# ki soke duka. Amma don ba ki ga komai ba, ba shaida ba ce cewa layin yana da tsaro.

Ta uku ta fi tayar mana da hankali. Mai ita ya ce: "Ta WhatsApp nake magana, amma wani na kusa da ni yana maimaita mini abin da na faɗa."

Malam, in haka ne, a wayar kanta za ka duba. Manhajar leƙen asiri tana ɗaukar murya ne kafin a kulle ta. Akwai manya irin Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda WhatsApp ya ce an yi amfani da ita a kan mutane kusan 1,400 a 2019, a lokacin kiran da ko ɗauka ba a yi ba ya isa a shigar da ita. Wannan tana da tsada ƙwarai, 'yan jarida da 'yan siyasa aka fi farauta da ita. Abin da ya fi samun mutum irinmu shi ne wanda ya san lambar buɗe wayarsa ya riƙe ta na 'yan mintuna ya sa manhaja, ta ɓuya da suna mai kama da na tsarin waya.

Ka duba jerin manhajojin da aka bai wa izinin makirufo. A Android ka leƙa Accessibility da Device admin apps, nan suka fi maƙalewa, ka kuma tabbatar ba a kashe Play Protect, mai binciken miyagun manhajoji, ba. Ɗigon kore ko ruwan lemo a saman allo alhali ba ka kira ba ka naɗa, alama ce cewa wani abu yana amfani da makirufo ko kamara. A WhatsApp ka buɗe Linked devices ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba. Kada kuma ka manta ɗaya ɓangaren: wanda kake magana da shi yana iya naɗa, ko ya sa a lasifika.

In ka gano wani abu, kada ka yi gaggawar gogewa. Ɗauki hotonsa da wata wayar domin shaida, kuma ka sani wanda ya sa manhajar zai gane an cire, don haka in kana tsoron ya cutar da kai, nemi taimako tukuna. Bayan nan ka canza kalmomin sirrinka daga wata na'ura dabam, ka kwashe hotuna da lambobi, ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, ka sauke manhajojinka ɗaya bayan ɗaya da hannunka, domin maido da tsohon ajiya gaba ɗaya yana iya dawo da ita.